Kwana Uku a Ƙarƙashin Mayafi

Ina tsugune gaban kasko ina suyar dubulan sai wayata ta yi ƙara. Hannuna duk mai ne, don haka maƙwabciyata da ta shigo taya ni aiki ta ɗauka ta kara mini a kunne. Ƙanwata ce, daga gidanta na Doka.

"Yaya, ki zo."

Na ce, "In zo ina? Mai na kan wuta."

"Ki sauke shi ki zo. Na buɗe fuskar yarinyar nan."

Ban tambaye ta abin da ta gani ba. Tunda muke da ita ban taɓa jin muryarta ta yi ƙasa haka ba. Na miƙe na bar kaskon, na ja hijabin da ke kan igiya, wanda ma ba nawa ba ne, na fita titi na tari keke. Alhamis ce da hantsi. Saura kwana biyu a ɗaura wa 'yata aure.

Ita ce ta fari a wurina. A gidanmu uwa ba ta faɗar sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Haka na ga mahaifiyata ta yi da yayanmu har ta koma ga Allah, haka ni ma na yi. Ita kanta yarinyar takan tsokane ni. Ta tsaya bakin ƙofar kicin ta ce, "Umma, wai ya sunana ne? Na manta." In ce ta ba ni wuri. Shekararta ashirin da shida, tana koyarwa a wata firamare a nan Abakpa. Mijin ita ta kawo shi da kanta, muka bincika muka ga mutumin kirki ne.

Saura mako guda biki ta tattara ta koma gidan ƙanwata, kamar yadda ake yi, don a yi mata gyaran jiki nesa da hayaniyar gidan biki. Mai gyaran wata mata ce mai shago a Doka. Ta yi suna wajen dilka da halawa, amare da yawa na unguwarmu ita ta gyara su. Dokarta kowa ya san ta: daga ranar da aka fara, amarya ba ta shiga rana, ba ta buɗe fuska. Tana ƙuryar ɗaki lulluɓe da mayafi, ana kai mata turaren wuta, ko abinci aka kawo sai a ajiye a fita. Wai don fuskar ta huta ta fito fes ranar kamu, kuma don tsoron baki. Ba wanda ya ga aibun wannan. Ni ma ban gani ba.

Abin da ban sani ba, matar ta ƙara wata sana'a a ɗakin bayan shagonta. Allura take yi wa mata a fuska, ta ɗura musu wani abu mai kauri da suke kira fila, wanda ke cike rami ya miƙar da fata. 'Yata tana da layi biyu da suka sauko daga gefen hanci zuwa baki, in ta yi dariya su fito sosai. Ina da su, mahaifiyata ma tana da su. Ƙawarta da ta raka ta shagon ta gaya mini daga baya cewa matar ta kama haɓarta ta juya ta wajen madubi ta ce, "Waɗannan a hoto sai a ce ke ce yayar ango. Zo in share miki su, minti goma ne."

Ranar Litinin aka yi. Gefen dama lafiya lau. Da ta soka na hagu sai yarinyar ta yi ƙara ta riƙe mata hannu, gefen hancin ya yi fari fat kamar an shafa alli. Matar ta ce alamar ya kama ke nan. Ta murza wurin, ta shafe shi da kurkum, ta ja mata mayafi. Ta ce kada a gaya wa manya, ba su san abin zamani ba, surutu kawai za su yi.

Ranar Talata ƙanwata ta kira ni ta ce amarya sai kuka take yi, ta ƙi cin abinci. Na ce, "To ba amarya ba ce? Ke da za a kai ki ba sai da aka ɓamɓare hannunki daga ƙyauren ɗakin Inna ba?" Muka yi dariya, muka koma maganar anko.

Ranar Laraba ita da kanta ta kira ni. Ɗakina cike yake da dangin babanta da suka iso daga Zariya, har da yayarsa, wadda ba ta raina abin magana. Na ɗauka. Ta ce, "Umma, fuskata tana yi mini ciwo." Duk suka zuba mini ido, su ga ko zan lallashi 'yar fari a gabansu. Na ce, "To ki gaya wa antinki mana," na kashe wayar. Yayar babanta ta ce, "Ashe da sauran masu kunya a garin nan." Na ji daɗin maganar. Dole in rubuta wannan ma, tunda haka aka yi. Na ji daɗi.

Ta gaya wa ƙanwata. Ƙanwata ta kira mai gyaran jiki, matar ta ce dilka ce take aiki, a ƙara turare, kada a buɗe. Da safiyar Alhamis ƙanwata ta shiga kai mata koko, ta ji wani wari da turaren bai rufe ba. Shi ne ta ɗaga mayafin.

Da na shiga ɗakin na same ta zaune a bakin katifa. Gefen hancinta na hagu ya yi baƙi ƙirin, baƙin ya sauko har saman leɓe, kewaye da ƙuraje masu ruwa. Ta ɗago ta kalle ni ta ce, "Umma, ki yi haƙuri." Ita take ba ni haƙuri.

Likitar da ta gan mu a asibiti mace ce, ba ta girmi 'yata da yawa ba. Ta duba, ta tambaya yaushe aka yi. Aka ce Litinin. Ta ajiye biro ta kalle mu ɗaya bayan ɗaya. Sai da aka ba da gado aka fara magani ta kira ni da baban yarinyar ofishinta. Ta buɗe durowa ta fito da abubuwa biyu a cikin leda ta ɗora a tebur. Ɗaya allura ce gajera mai tsini, irin wadda kowa ya sani. Ɗayar doguwa ce siririya, tana lanƙwasa, bakinta a dunƙule ba tsini, ramin a gefe yake. Ta ce wannan sunanta kanula.

Ta yi mana bayani a hankali. Ta ce a gefen hanci akwai jijiyar jini da ke ciyar da fatar wurin. Mai tsini in ta tarar da jijiya huda ta take yi, in mutum ya danna a lokacin, abin ya shiga ciki ya toshe hanyar jini, fatar da ke gaba ta fara mutuwa. Wata ma, in ji ta, ido take rasawa. Mai dunƙulen baki kuwa yawanci ture jijiyar take yi ta wuce, shi ya sa masu aikin da yawa suka fi son ta a irin wannan wuri. Babanta ya ce, ke nan da da ita aka yi da ba a samu matsala ba. Ta ce a'a, ba za ta ce haka ba. Ta rage haɗari, ba ta kore shi ba, ita ma takan huda, musamman in ta cika siririya ko an tura ta da ƙarfi. Akwai ma wuraren da masana ke zaɓar mai tsinin. Abin da ya fi komai shi ne hannun da ya san inda jijiyoyin suka bi, ya ɗura kaɗan-kaɗan, ya tsaya da ya ga fata ta yi fari, kuma ya kasance da maganin da ke narkar da abin a ajiye kusa. Ta ce wanda ba shi da wannan magani a ɗakinsa bai kamata ya taɓa fuskar kowa ba.

Na ce, "Likita, da mun zo Litinin fa?"

Ta ce da an yi mata allurar narkarwa a ranar, tana kyautata zaton da fatar ta tsira.

"Talata fa?"

"Da sauran dama."

"Laraba fa?"

Ta mayar da allurorin cikin durowa ta ce, "Mama, kada ki yi wa kanki haka."

An ɗaura auren ranar Asabar kamar yadda aka sa. Angon ne ya ce kada a ɗaga. Maza suka taru a masallaci aka shafa fatiha, amarya tana kwance da bandeji a fuska. Dubulan ɗin maƙwabta aka raba wa. Naman da ya mutu aka yanke shi, daga baya aka yi mata aiki sau biyu, aka ɗebo fata daga kumatunta aka rufe wurin. Ta tare bayan wata biyar. Hancin ya ɗan karkace, leɓen sama ya ɗage ta gefe guda, in ta sha ruwa sai ta tare da hannu. Ta koma makaranta da takunkumi a fuska. Yara suka tambaye ta ko mura take yi, ta ce e.

Mai gyaran jikin ta zo dubiya tun muna asibiti, da kular farfesu da kwalbar humra. Ta durƙusa gaban baban yarinyar ta ce ta yi wa mata sun fi a ƙirga, ba a taɓa samun haka ba, ita dai tana ganin baki ne ya kama yarinyar, kyanta ya yi yawa. Babanta mutum ne da ya yi shekara talatin yana aikin gwamnati bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Ya ce Allah ya kiyaye gaba. Dangi suka ce ƙaddara ce, kuma ai miji bai guje ta ba, sai a gode wa Allah. Na gode wa Allah. Amma farfesun matar na zubar a kwata.

Kai ƙara kotu bai yiwu ba. Wani ɗan'uwan babanta da ya san harkar ya ce dole yarinyar ta tsaya ta buɗe fuska ta yi bayani, ita kuwa ta ce ba za ta iya ba. Ban matsa mata ba.

Duk ranar da na je Babbar Kasuwa sarin atamfa, keke ta gaban shagon yake bi da ni. Yana nan a buɗe. An ma sake masa fenti, an liƙa hoton wata farar mace mai kumatu a ƙofa. Takalman amare da ƙawayensu jere a waje. Wata bakwai ina wucewa ina kallo. Ina sallah ina roƙon Allah ya sanyaya mini zuciya, in na shafa kuma in ji ba na son ta sanyaya.

Wata Laraba da azahar na ari niƙabin maƙwabciyata na sauka a ƙofar shagon. Na tarar da amare biyu zaune da kurkum a jiki, ƙawayensu suna danna waya, ga uwar ɗaya daga cikinsu a kujera tana jira. Matar ta taso da fara'a.

"Hajiya, sannu da zuwa. Ke ce amaryar ko kin ɓoye mana ita a gida?"

'Yan matan suka yi dariya. Na ce ina da 'ya ne, na ji an ce tana allurar cike fuska.

"An gaya miki gaskiya. Kawo ta, ko uwarta ba za ta gane ta ba in na gama."

Na ce, "Da wace allura kike yi?"

Ta shiga ciki ta fito da ita, 'yar ƙarama mai tsini. "Kin gan ta. Cizon sauro ya fi ta zafi."

"Kanula fa?"

"Au, Hajiya 'yar boko ce. Wannan ta 'yan asibiti ce, ɓata lokaci. Sai an huda an zura ana lalube kamar mai neman ɗankunne a ƙarƙashin gado. Ni hannuna ya saba."

"In ta shiga jijiya fa?"

"Allah ya tsare, ba a fata."

"Na ji. In ta shiga, ina maganin narkarwa? Nuna mini kwalbar."

Fara'ar ta ragu. Ta ce, "Wai Hajiya aiki kika kawo ko jarrabawa?"

Na ɗage niƙabin. Ta gane ni nan take, don sai da ta ja baya ta dafa kanta. Ta ce, "Mama, don Allah mu shiga daga ciki."

Na ce a nan zan tsaya. Ban yi ihu ba, ban zage ta ba. Na juya wajen uwar amaryar na gaishe ta, na ce mata sunan unguwata, na faɗa mata abin da ya faru daga Litinin zuwa Alhamis. Akwai hoto a wayata, wanda likita ta sa ƙanwata ta ɗauka ranar da muka je, don a riƙa gwada yadda ciwon yake tafiya. Na buɗe shi na miƙa mata. Ta duba ta yi salati. Wayar ta zaga hannun 'yan matan. Ɗaya daga cikin amaren ta taɓa gefen hancinta. Uwar ta miƙe ta ce wa 'yarta, "Tashi ki wanke jikinki mu tafi."

Matar ta fara kuka. Ta ce marayu take riƙo, ta ce ita ma ba ta barci, ta ce ai Alhaji ya yafe. Na ce Alhaji ya yafe nasa. Na tambaye ta abu ɗaya: da ƙanwata ta kira ta ranar Laraba, me ya hana ta cewa a kai yarinyar asibiti? Ta ce ta ji tsoro. Na ce, "Kin san abin da ke faruwa ke nan."

Daga ranar na samu aiki. Duk gidan da na ji an sa rana a Abakpa ko Doka, ko na san su ko ban san su ba, sai in yi sallama in nemi uwar amarya. In ce mata ta ɗaga mayafin 'yarta kullum da safe ta duba da idonta. In faɗa mata tambayoyin da za ta yi wa duk mai son soka wa 'yarta allura. Sai in faɗi shagon, in nuna hoton. Mata suna sa mini albarka, suna cewa na ceci 'ya'yan mutane. Ina amsawa da amin. Amma na san abin da ke fitar da ni daga gida. So nake in ga takalman nan sun ƙare a ƙofar shagonta. So nake ta zauna ita kaɗai gaban madubin nan har la'asar ba wanda ya yi sallama. Da za a ce mini in zaɓa tsakanin a warkar da zuciyata da a rufe shagon, na san wanda zan zaɓa, kuma na san ba shi ne na mutanen kirki ba.

Takalman sun ragu. Bayan wata uku na wuce na ga an cire hoton farar macen, wani tela ya shiga da kekunansa. Na sauka na tambaye shi, ya ce bai san inda ta koma ba. Na ɗauka zan ji sanyi. Na tsaya a bakin titi ina jira in ji, har mai keken ya gaji ya tafi.

A makon ne 'yata ta zo gida. Ta cire takunkumi ta zauna a tabarma kusa da ni, ta bari sai da ƙannenta suka fita.

"Umma, wata malama a makarantarmu ta nuna mini hotona a wayarta."

Ban san ko cikin 'yan matan shagon wata ce ta tura wa kanta ba, ko kuwa a wani gidan biki ne. Ban taɓa tunanin haka ba, ko kuma ban so in yi tunanin ba.

"Ba ta san ni ce ba. Cewa ta yi, dubi abin da son kyau ya jawo wa wata."

Na ce don a kama matar na yi.

"Na sani. Amma fuskata ce, Umma. Ni na ce ba zan tsaya gaban alƙali ba don kada mutum goma su gani. Yanzu duk Kaduna sun gani."

Ba ta yi kuka ba. Ta miƙo hannu, na ba ta wayar, ta nemo hoton ta goge da kanta. Na ba ta haƙuri. Ta ce ya wuce. Ta ce tana da ciki wata uku, ba ta son ta haihu ana yawo da maganar nan, tana so in yi mata alkawari zan bar matar da Allah, in daina shiga gidajen mutane.

Na ce na daina nuna hoto, na daina faɗar cewa 'yata ce. Ta ce ba shi ta tambaya ba. Na tashi na zuba mata abinci, ta ci kaɗan, mijinta ya zo ya ɗauke ta kafin magariba.

Ƙanwata ta ji a wurin wata mai lalle cewa matar ba ta daina ba. Ba ta da shago yanzu, gida-gida take bi da jakarta, ana kiran ta a waya. Wasu sun ce an gan ta wajen Kawo, wasu sun ce ta tsallaka kogi. Na je gida biyu da aka kwatanta mini, ba ita ba ce. Alkawarin da 'yata ta nema ban yi mata ba tukuna, matar kuma ban gano inda take ba.